Gajeren Farce Ma Yana Da Adonsa

 Yau filin namu ya leƙa ƙasar Gobir, wajen 'yan'uwanmu mata na Sabon Birni da Isa, kuma zancen farce za mu yi, ko akaifa kamar yadda ake faɗi a can.

Da salla ta matso ko biki ya taso, sai ki ga mace ta gama kitso ta zauna gaban mai kwalliya tana ɓoye hannu, wai farcenta gajere ne. A waya ta ga na matan birni zaƙo-zaƙo yana walƙiya, ita ma ranta ya biya. To 'yar'uwa, hannun da ke daka da surfe da wanke-wanke, yana mulmula fura, yana ba yaro tuwo a baki, gajeren farce ne ya dace da shi, domin datti ba ya samun wurin ɓuya. Ke kuma 'yar makaranta kin san malama tana duba farata a layi. Gajeren ma ana yi masa ado, sai dai kafin ki miƙa hannu ki tambayi kanki abu uku. Ruwan alwala zai taɓa farcen? Adon zai jure aikin gida? Wa zai cire shi in lokaci ya yi?

Na farko shi ne gyara zalla. A jiƙa hannu a ruwan ɗumi, a yanke farcen daidai kan yatsa, a goge bakinsa ya yi ɗan zagaye, a goge bayansa kaɗan har ya yi sheƙi, sannan a shafa man kaɗanya. Wannan ya ishi 'yar makaranta, kuma yana hana tsagewa lokacin hunturu. Amma kada ki yarda a yanke 'yar fatar nan ta gindin farce. Ita ce ƙofar da ke tsare ƙwayoyin cuta, in aka yanke ta ɗan karkare ya samu hanya.

Na biyu lalle, wanda ba baƙo ba ne a nan, tun da har gari akwai mai suna Unguwar Lalle a ƙasar Sabon Birni. Launin ganyen yana shiga jikin farce ya rina shi, bai bar wani ɓawo a kai ba. Shi ya sa malamai suka ce ba ya hana alwala ko wanka. Daka ba ta kankare shi, sabulu ba ya wanke shi. Sai dai ki sani farce yana tsiro kamar milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta duka. Ke nan jan zai riƙa hawa sama, fari yana biyo shi daga gindi. A gajeren farce wannan kyau yake ƙarawa, kuma da wuri yake ƙarewa.

Amma ki rarrabe lallen gargajiya da baƙin dayis. Yawancin baƙin nan da ke kamawa cikin minti kaɗan akwai sinadarin rinin gashi a ciki, wanda ake kira PPD. Yakan sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi ke nan har abada. Jariri kuwa ko lallen gargajiya kada a sa masa, don akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jini wanda lalle ke iya fasa musu ƙwayoyin jini.

Na uku jan farce na kwalba. Yana da araha, yana da launi iri-iri, kuma ke da kanki za ki goge shi da auduga da ruwan gogewa. A gajeren farce launi mai haske ko ja sak ya fi fitowa, shafi biyu marasa kauri. Aibinsa biyu ne. Da kin yi wanki sau biyu ya fara ɓarewa, wani lokaci cikin ƙullu. Sannan yana rufe farce ruf, ruwa ba ya ratsawa, don haka mata da yawa ba sa shafa shi sai kwanakin da suke fashin salla. In haka za ki yi, sayi ruwan gogewar tare da shi rana ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda ake kira jel, da ake yi a shagunan kwalliya na manyan garuruwa irin su Sakkwato. Ana shafawa a sa hannu cikin wata fitila ta busar da shi, yakan yi mako 2 zuwa 3 yana ƙyalli. Shi ma ruwa ba ya ratsa shi, kuma ba ya fita sai an jiƙa shi da ruwan asiton na minti 10 zuwa 15. A nan gizo ke saƙa. Wadda ta je biki Sakkwato ta yi jel ta komo Isa, ba za ta sake kama doguwar hanya, a irin wannan hali na rashin tsaro, don cire farce kawai ba. Sai ta sa haƙori ko reza ta ɓamɓare, ta tafi da saman farcenta, ya zama siriri yana zafi har watanni. Ban da haka, a 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa sinadaran jel da na farcen kanti suna jawo wa mata da yawa borin fata, musamman in bai bushe sosai ba. A watan Satumba na 2025 kuma Tarayyar Turai ta hana wani sinadarin jel mai suna TPO.

Na biyar farcen kanti, wanda ake mannawa da gam. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kafin a manna sai an kankare naki, ruwa kuma yakan maƙale tsakani har farcen ya yi kore. In ya sarƙe a guga ko zane, yana iya tafiya da na ainihin. Ga mai aikin gida, wannan a bar shi.

Ko wanne kika zaɓa, ki kula da kayan aiki. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a jikin almakashi ko reza aƙalla kwana 7, ko da ba a ganin jini. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin allurar yara a Nijeriya, ke nan iyaye mata da yawa ba su samu ba. Sayi almakashinki da abin gugar farce ki tafi da su, ko wurin mai kwalliya ko in mai yankan farce ya zo ƙofar gida. Mai juna biyu kuma ta bar yatsa ɗaya ko biyu ba launi, domin a wurin awo ana duba farce don gane ƙarancin jini, kuma launi mai duhu yakan rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa.

Shawarar filin nan ita ce, 'yar makaranta ta tsaya ga gyara zalla, ta jira hutu ta yi ƙunshi. Uwargida ta riƙe lallenta na gargajiya, jan farce kuwa sai jefi-jefi. Wadda ta nace sai jel, ta fara sanin inda za a cire mata kafin a shafa. Ta haka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.