Makullin da Mota ke Ganewa: Yadda Ake Samun na Ajiya Kafin na Hannu ya Ɓata

Duk shekara, idan na zo koyar da ɗaliban aji ɗaya darasin sinadaran da ke narkar da abinci a cikin jiki, wato enzayim, nakan kawo masu misalin da wani Bajamushe masanin kimiyyar haɗa sinadarai, Emil Fischer, ya bayar a shekarar 1894. Ya kwatanta enzayim da abin da yake narkarwa da kwaɗo da makullinsa: idan siffar wannan ba ta dace da ta wancan ba, babu abin da zai buɗu. Misalin na shiga kan ɗalibai nan take, domin kowa ya san kwaɗo. Ni kaina na daɗe ina ɗaukar cewa duk wani makulli haka yake, siffa ce kurum, har ranar da motata ta nuna mini akwai sauran karatu.

Motar irin waɗanda muke kira 'yan Beljiyam ce, ta shigo ta Kwatano, kuma kamar yawancin 'yan'uwanta da makulli ɗaya tak aka miƙo mini ita. Bayan 'yan watanni na ga ya kamata a sami na ajiya, sai na tsaya wurin wani mai yanka makulli a bakin kasuwa. Cikin minti biyar ya fitar da haƙoran sabo daidai da na tsoho. Na gwada a ƙofa, ta buɗe. Na sa a makunni na murɗa, sitiyari ya saki, fitilun gaban direba suka kama, inji ya yi ta juyi, amma ya ƙi tashi. Wata 'yar fitila mai hoton makulli ta dinga ƙiftawa. Da na mayar da tsohon, murɗawa ɗaya mota ta amsa. Mai yanka makullin bai cuce ni ba, aikin ƙarfe ya sani kuma ya yi shi daidai. Abin da ni da shi ba mu sani ba yana ɓoye cikin baƙar robar da ke kan tsohon makullin.

Abin da ke cikin robar

Idan aka fasa kan irin wannan makulli za a tarar da wata 'yar ƙwayar lantarki, wani lokaci cikin kwalbar gilashi da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba sosai, wani lokaci baƙa mai kama da gutsuren gawayi. A cikinta akwai siririyar waya da aka nannaɗe da kuma ma'ajiyar lambobi. Ba ta da batir. A jikin motar kuwa, kewaye da ramin da ake sa makulli, akwai wani zobe na nannaɗaɗɗiyar waya. Da zarar an murɗa makulli, zoben zai saki igiyar rediyo marar ƙarfi, galibi mai kaɗawa sau 125,000 a daƙiƙa ɗaya, wasu kuma 134,200. Wannan igiya ce ke haifar da ɗan lantarki a cikin wayar ƙwayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa maganaɗisu mai sauyawa na tura lantarki cikin wayar da ke kusa da shi. Da wannan ɗan lantarki ƙwayar ke farkawa ta faɗi lambarta. Idan kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ta san lambar, sai ta bar mai da wuta su isa inji. Idan ba ta sani ba, sai ta hana. Wata motar inji zai yi ta juyi a banza, wata zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu, wata ko motsi ba zai yi ba. Wannan tsari ne ake kira imobilaiza.

Abin dariya shi ne mu masu nazarin halittu mun san wannan ƙwaya tun da daɗewa, ba mu dai haɗa ta da mota ba. Tun cikin shekarun 1980 masu binciken kifi a kogin Columbia na Amurka suke cusa irinta a cikin 'ya'yan kifin salmon, domin su gane kowane ɗaya idan ya wuce ta madatsar ruwa. Ita ce kuma likitocin dabbobi ke sa wa karnuka da dawaki a ƙarƙashin fata. Kifi na iya yawo da ita shekara da shekaru saboda babu batirin da zai ƙare.

Saboda haka misalin Fischer bai isa ya bayyana makullin zamani ba. Wanda ya fi dacewa shi ne na ƙudan zuma masu gadin bakin amya. Duk kudan zuma siffarsu ɗaya, kowanne zai iya shiga ƙofar, amma masu gadi na shinshinar mai shigowa, wanda ƙamshinsa ba na gidan ba ne su far masa. Makullin da aka yanka mini ya dace da ƙofa, ƙamshin gida ne ba shi da shi.

Sata ce ta kawo wannan dabara. Kamfanin General Motors ya fara da wata hanya mai sauƙi a motar Corvette ta 1986, inda aka dasa wa ƙarfen makulli ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai nau'i 15 kacal, don haka ɓarawo mai haƙuri na iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar rediyo ta bazu a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da satar motoci ta addabi Turai ta yamma har kamfanonin inshora suka matsa. Jamus da Birtaniya suka wajabta imobilaiza a sababbin motoci a 1998, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007. Wani nazari da masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, suka wallafa a 2016 ya kimanta cewa na'urar ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, kuma an ga sakamakon haka daga 2021, lokacin da matasa suka yi ta yaɗa hanyar tayar da wasu motocin Kia da Hyundai marasa imobilaiza a TikTok. Mu nan ba mu kafa wata doka ba, motocin ne suka zo mana da gadinsu.

Aiki uku ne, ba ɗaya ba

Wanda ke neman makullin ajiya ya kamata ya sani cewa abubuwa uku yake saye. Na farko shi ne yankan haƙora. Na biyu, gabatar da ƙwayar ga motar. Na uku, saita rimot mai buɗe ƙofofi daga nesa, idan makullin na da shi. Mutane da yawa na rikita na biyu da na uku, alhali ba su da dangantaka. Rimot ne ke cin ɗan batirin nan mai kama da kwabo, kuma ko ya mutu mota za ta tashi. Hatta motocin da ake tayarwa da danna maɓalli, yawancinsu na ɗauke da irin wannan ƙwaya a matsayin madadi: idan batirin ya mutu, sai a kara makullin a jikin maɓallin ko a wurin da littafin motar ya nuna, a danna.

Wajen sayen ɗanyen makulli ake fara tafka asara. Kamannin roba ba hujja ba ne. Makullan Toyota, alal misali, wasu na da ɗigo a jikin ƙarfen, wasu harafin G, wasu H, kuma kowanne ƙwayarsa daban, ba ya maye gurbin ɗan'uwansa. Haka nan rimot na motar da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi na aiki ne a kan mita 315, ta Turai kuwa 433. Tun da motocinmu daga ɓangarorin biyu suke zuwa, mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, na iya buƙatar rimot daban. Sai a duba lambobin da ke bayan tsohon ko cikinsa kafin a biya kuɗi. Tsohon makullin wata mota da ake samu da araha wurin masu kayan gyara shi ma akwai haɗari, domin ƙwayoyi da yawa da zarar sun ƙulla da mota ɗaya ba sa karɓar wata. Araha dai ba ta ado.

Gabatar da ƙwaya kuwa hanya biyu ce. Ta farko ita ce kwafi: ma'aikaci ya karanta lambar tsohon makulli da na'ura ya rubuta ta a kan sabuwar ƙwaya, ko motar ba ya buƙatar taɓawa. A wurin motar waɗannan biyun makulli ɗaya ne, kamar tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Ta biyu ita ce rajista, inda ake koya wa kwamfutar motar sabuwar lamba ta ƙara a jerin waɗanda ta sani. Ana yin haka ta wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta a motoci tun 1996, ita ce kuma makanikai ke jona kwamfutarsu a ciki idan suna neman cutar inji. A ganina rajista ta fi, ko da ta fi tsada. Dalili kuwa, idan makulli mai rajista ya ɓata ana iya goge lambarsa shi kaɗai, wanda ya tsinta ya riƙe ƙarfen banza. Idan kwafi ne ya faɗa hannun wani, ba yadda za a kore shi ba tare da an kori na asali ba.

Abin da mai mota zai iya yi da kansa

A nan ne darajar makulli na biyu take bayyana. Yawancin motocin Ford na Amurka masu tsarin PATS, wanda ya fara a 1996, na barin mai mota ya ƙara makulli da kansa ba tare da wata na'ura ba, muddin yana da biyu masu aiki. Zai sa na farko ya murɗa har fitilu su kama, ba tare da tayar da inji ba, ya kashe ya zare. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya yi haka da na biyu. Sannan ya sa sabon ya murɗa. Adadin daƙiƙoƙin na cikin littafin kowace mota, kuma wanda ya yi nawa sai ya sake daga farko. Hikimar a fili take: mai riƙe da makulli biyu da wuya ya zama yaron da aka ba wankin mota. Amma a lura, kwafi ba ya cika wannan sharaɗi, tun da motar ɗaya take gani.

Wasu kamfanonin uwar makulli suka yi. Tsofaffin Toyota na zuwa da baƙaƙen makullai masu ikon gabatar da sabo, da kuma wani ruwan toka wanda ke tuƙi kawai. A wasu daga cikinsu ana yin rajistar ne da wata 'yar rawa ta zura makulli da zarewa da buɗe ƙofa da rufewa sau ƙidayayye, wanda mai kallo zai zaci surkulle ne. Honda da Fiat na ƙarshen shekarun 1990 jan makulli suka bayar, wanda ba na yawo ba ne, na koyar da mota ne. Peugeot kuwa, har da 406 da ta cika hanyoyinmu, lambar sirri mai gurbi huɗu take bayarwa a kan wani ɗan kati. Kafin mota ta yi hannu uku ta ƙetare teku, jan makullin da katin duk sun bi iska. Mai sayen mota ya tambaye su tun kafin a gama ciniki, ya kuma dubi launin makullin da aka ba shi.

Idan duka suka ɓata, magana ta canza. Wasu motocin General Motors na da sauƙi, ana barin sabon makulli a kunne minti goma-goma har sau uku, motar ta karɓe shi ta manta da na da. Amma a wasu tsofaffin Toyota da Fiat, rashin uwar makulli na nufin ciro kwamfutar motar a sake rubuta ma'ajiyarta, ko a sayi wata gaba ɗaya da makullanta. Ga kuɗin jan mota, ga kwanakin zama a gareji, ga haɗarin a ƙona kwamfutar a hannun wanda ke koyon aiki a kanta.

Akwai wata dabara da ta yaɗu wadda ban yarda da ita ba. Ana ciro ƙwayar daga makulli ɗayan da ake da shi, a manne ta da salatif a jikin zoben, daga nan kowane ƙarfe da aka yanka zai tayar da mota. Tabbas yana aiki. Sai dai an kori mai gadi ke nan an rataye rigarsa a ƙofa, kuma duk wanda ya fasa makunni ya tafi da mota.

Ba kuma ina cewa gadin ba shi da rauni ba. Ƙwayoyin farko lamba ɗaya suke maimaitawa kullum. Na baya suka koma tambaya da amsa: motar ta jefo sabuwar lamba, ƙwayar ta sarrafa ta da sirrin da su biyu kaɗai suka sani ta mayar. Duk da haka, a 2005 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka fasa sirrin wata ƙwayar kamfanin Texas Instruments da ke cikin miliyoyin motoci. Wasu masana daga Holan da Birtaniya suka yi wa tsarin Megamos haka, har Volkswagen ta samu umarnin kotu a Landan a 2013 na hana su wallafawa, sai a 2015 aikin ya fito. Irin wannan ilimi ne ya sa na'urorin kwafi suka yi arha, kuma na'urar da ke taimakon mai mota ita ce ke taimakon ɓarawo. Saboda haka kada a bar wa kowa makulli ya shiga da shi ciki, a tsaya a kan aikin. Ma'aikacin da ya nemi ganin takardun mota kafin ya taɓa ta, na fi natsuwa da shi a kan wanda bai tambaya ba.

Kafin a biya, a gwada kowane makulli shi kaɗai, tsoho da sabo, sauran na nesa da makunni. Idan suna rataye a zobe ɗaya, ƙwayar tsohon na iya amsawa a madadin sabon a zaci aiki ya yi, ko kuma su biyun su yi magana tare motar ta ƙi jin kowa. A wasu motocin rajista kan goge duk makullin da ba a kawo wurin ba, don haka a je da su duka. A kuma nemi ma'aikacin ya nuna adadin makullan da kwamfutar ta sani. Da aka duba tawa, uku ta nuna, ga shi ɗaya ne a hannuna. Na sa aka goge biyun da suka rage a wata ƙasa ko a aljihun wani, aka yi wa sabo rajista. Wancan na bakin kasuwa ban yar da shi ba, yana cikin walat ɗina, domin ranar da na kulle makulli a cikin mota shi zai buɗe mini ƙofa.