Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru a Matsayin Alamar Ƙin Miƙa Wuya

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace ma'anar hijira a rikicin siyasa, bisa misalin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, shugabanni sun rabu gida biyu. Waziri Buhari ya zaɓi sulhu domin kare rayukan jama'a da addininsu, yana kafa hujja da taƙiyya. Attahiru kuwa ya nufi gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi.

Saƙon wannan hijira shi ne an ci gari da yaƙi, amma ba a sami mubaya'a ba. Haka kuma ta tuna wa jama'a hijirar Shehu Usmanu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, wadda jihadi ya biyo bayanta. Saboda haka Turawa suka bi sawunsa har Burmi, inda suka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa, Mai Wurno, ya ƙarasa Sudan, inda har yau akwai gari mai ɗauke da sunansa.