Cutar Refsum: kitsen da jiki ya kasa sarewa

Kitsen da muke ci dogayen sarƙoƙi ne na sinadarin kabon. Jiki yana cin moriyarsu ne ta hanyar gutsure su biyu-biyu, kamar mai shan rake yana bi gaɓa-gaɓa. Masu wannan aiki su ne inzayim, ƙananan sinadaran da ke gudanar da kowane sauyi a cikin ƙwayoyin halitta. Kowannensu na da tsananin zaɓe: in siffar abu ta kauce ko da kaɗan daga wadda ya sani, ba zai taɓa shi ba.

Akwai wani kitse mai suna fitanik asid, mai kabon 20 da ƙananan rassa 4. Ɗaya daga cikin rassan yana zaune kan kabon na 3, daidai wurin da ake sarar farko, don haka masu gutsura biyu-biyu ba su da yadda za su yi da shi. Sai an kai shi wani ƙaramin sashe na ƙwayar halitta, feroksisom, inda inzayim ɗin PHYH ke fara aikin cire kabon guda tak. Da zarar an cire, reshen ya koma mazaunin da ba ya tare hanya, abin da ya rage kuma shi ne firistanik asid. Ko nan ma da sauran zaɓe. Firistanik yana zuwa da siffa biyu, R da S, masu sarar kuwa S kaɗai suke karɓa, sai wani inzayim, AMACR, ya juya R ɗin tukuna.

Wanda ya gaji lalatacciyar ƙwayar gadon PHYH daga uwa da uba duka, fitanik zai yi ta taruwa masa a jini da jijiyoyi da ido shekara da shekaru. Likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Norwe, Sigvald Refsum, shi ya bayyana cutar a 1946. A 1963 Klenk da Kahlke a Jamus suka gano kitsen da ke taruwa, a 1997 aka gano ƙwayar gadon. Takan fara da dundumi da rashin jin ƙanshi, daga baya kurumta, da mutuwar ƙafafu, da tangaɗi a tafiya, da bushewar fata, wani lokaci har rikicewar bugun zuciya.

Jikin ɗan Adam ba ya ƙera fitanik, daga abinci yake shigowa. Asalinsa koren ganye ne, amma ƙananan halittun da ke rayuwa a tumbin saniya da tunkiya da akuya ne ke sako shi, ya shiga nono da man shanu da kitsen nama. Wasu kifaye ma suna da shi. Ga mai lafiya waɗannan ba su da wata illa ta wannan fuska. Ga mai cutar kuwa rage su shi ne babban magani, kuma yakan sassauta ciwon jijiyoyi da na fata, sai dai ganin da ya tafi da wuya ya dawo. Dogon zama da yunwa ko saurin rama na da haɗari gare shi, domin kitsen jiki zai narke ya zubo fitanik cikin jini.

Cutar ba ta da yawa ko kaɗan. Amma gadonta irin na sikila ne: iyaye biyu masu ɗauke da ita, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4, auren zumunci kuma yana ƙara damar haɗuwarsu. Shi ya sa nake ganin matashin da ke fama da dundumi, kuma hancinsa ba ya jin ƙanshi, ya cancanci likita ya tambayi tarihin danginsa, ya kuma sa a auna fitanik a jininsa tun idon bai gama lalacewa ba.