Nauyin Manyan Motoci da Lafiyar Gadoji

Tun da sufurin jirgin ƙasa ya ja baya a Nijeriya, kusan duk kayan da ke tsakanin tashoshin ruwa na Legas da kasuwannin Arewa, daga man fetur da siminti har zuwa hatsi da shanu, a kan tirela da tanka suke tafiya, kuma dole su tsallake kogin Neja ta 'yan gadoji ƙalilan, irin su ta Jebba da gadar Murtala Muhammad da ke kusa da Lakwaja. Da yawa daga cikin gadojin ƙasar an gina su ne shekaru hamsin ko fiye da suka wuce, lokacin da motoci ba su kai na yau yawa ko nauyi ba.

Abin da injiniyoyi suka fi dubawa shi ne nauyin da ke kan kowane gatari, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, domin ta nan lodi yake sauka a kan hanya. Gwajin da aka gudanar a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin gatari sau biyu, ɓarnar da yake yi wa shimfiɗar hanya takan kai kusan ninki 16. A kan gada kuwa, duk motar da ta wuce takan sa jikin gadar ya ɗan lanƙwashe sannan ya koma daidai, kuma maimaituwar haka dare da rana ita ke haifar da abin da ake kira gajiyar ƙarfe, inda tsaga ƙanana suke ɓullowa su yi ta faɗaɗa ba tare da ido ya gani ba.

Ruwa shi ne abokin gaba na biyu. Idan magudanan gada suka toshe da yashi da leda, ruwan sama yakan kwanta, ya ratsa tsagar kankare har ya tarar da rodi. Rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi, shi ya sa ake ganin ƙarfe tsirara a ƙarƙashin tsofaffin gadoji. A ƙasa kuma ambaliya tana kwashe ƙasar da ke riƙe da gindin ginshiƙai, lamarin da masu haƙar yashi kusa da gada suke ƙara tsanantawa. A damunar 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba, zirga-zirgar manyan motoci a wannan hanya ta tsaya cik.

Ƙarfafa tsohuwar gada abu ne mai yiwuwa, kuma yawanci ya fi gina sabuwa araha nesa ba kusa ba. Akan yi wa ginshiƙin da ya raunana riga ta sabon rodi da kankare, akan manna zanen zaren kabon, wanda ba shi da nauyi amma yana da ƙarfin gaske, a ƙarƙashin jikin gadar, ko a ɗaura igiyoyin ƙarfe a ja su tamau domin su karɓi wani kaso na lodin. Akwai kuma sassa biyu da dole a riƙa canzawa: mahaɗa, wato tazarar da ake bari domin gada ta miƙe da zafi ta tsuke da sanyi, da faifan roba da ƙarfe da jikin gadar ke zaune a kai, wanda sai an ɗaga gadar da jak kafin a cire shi. Irin wannan aikin ne ya sa aka rufe wani ɓangare na gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8, daga watan Yulin 2020 har farkon 2021.

Sai dai duk wannan gyara ba zai daɗe ba muddin lodi ya ci gaba da wuce ƙa'ida. Dokar da ƙungiyar UEMOA ta wasu ƙasashen Yammacin Afirka, wadda maƙwabciya Nijar take ciki, ta kafa a 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda, amma doka ba ta aiki sai da sikelin auna motoci da ma'aikacin da ba zai karɓi na goro ya kawar da kai ba. Direba ba shi ke yanke yawan lodi ba, mai kaya da mai mota ne, don haka ya kamata a auna mota tun a ƙofar masana'anta da tashar ruwa, kuma tarar ta hau kan wanda ya yi lodin.