"Ba ka biya ba" ko "Ba a biya ba"?

Yau za mu duba aikin ɗan ƙaramin lamirin nan "a" a wasiƙar kasuwanci.

A ce za ka rubuta wa abokin ciniki kan bashin da ya wuce wa'adi. Duba waɗannan jimloli:

1. Ba ka biya kuɗin kayan ba.
2. Har yanzu ba a biya kuɗin kayan ba.

Saƙo ɗaya ne, amma ta farko ta nuna shi da yatsa. Ta biyu kuwa ta sakaya mai aikatawa, ta rufa masa asiri: ƙila yaron shagonsa ne ya manta, ƙila daga banki aka samu jinkiri.

Haka ma umarni. Maimakon "Turo kuɗin", rubuta "Muna roƙon a turo kuɗin". In ya zama dole ka ambace shi, yi amfani da "ku" na girmamawa.

Amma fa a kula, mutumin ake sakayawa, ban da adadi da rana. Rubuta su ƙarara: "Naira 250,000, kafin 30 ga wata." In ba haka ba, kunya za ta cinye maka jari.

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa a takarda.