Yara da Tsoron Hadari: Jawabi ga Iyayen Daddara da Kewaye

Ko wace shekara, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, mutanen Daddara da sauran garuruwan ƙasar Jibiya sukan zuba ido gabas suna duban hadari. Ga manomi hadari abin murna ne, gama da shi gero da dawa za su yi. Amma yaro ƙarami abin da ya sani kurum shi ne gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, kwanon ɗaki yana ƙugi, sa'an nan tsawa ta fashe bisa kansa.

Tsoron nan kuwa ba wauta ba ne. A daren 15 ga Yuli 2018 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a garin Jibiya, ambaliya ta shiga unguwanni mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, har aka tsinci gawar waɗansu a ƙasar Nijar, inda gulbin ya nufa wajen Maraɗi. Manya suna ba da labarin har yau, yara kuwa suna saurare. Saboda haka aikin iyaye shi ne su mai da tsoron nan ya zama hankali, watau yaro ya san abin da zai yi in hadari ya taso.

Abin da bai kamata ba

Kada a yi wa yaro dariya ko tsawa don ya firgita, kada kuma a ce masa rago. Wanda aka kunyata yakan ɓoye tsoronsa, tsoron kuwa ba ya tafiya. Sau da yawa sai ya fito ta fitsarin kwance, ko mugun mafarki, ko ƙin kwana shi kaɗai. Haka nan kada a razana shi da cewa aradu za ta faɗo masa in ya yi ƙarya. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga da dare ya fi kowa bukatar rarrashi, domin tsawa takan tuna masa da ita.

A gaya masa gaskiya

Walƙiya wuta ce irin ta lantarki wadda ke taruwa cikin gajimare, tsawa kuwa ƙararta ce. Haske ya fi ƙara sauri ƙwarai, shi ya sa akan ga walƙiya kafin a ji tsawa. Ƙara takan ci kilomita 1 cikin kamar sakan 3. To, sai uwa ta rungume ɗanta, in sun ga walƙiya su ƙirga tare a hankali har tsawa ta zo. In sun kai 15, nisanta kamar kilomita 5 ke nan. In ƙirgen yana ƙaruwa, hadari yana tafiya. Yaron da ke ƙirge ya sami abin yi, kuka sai ya ragu.

Ka'idodi 5 da ko wane yaro zai haddace

Yawancin lokaci hadari yakan tarar da yara a waje, wajen kiwo ko gona ko talla ko itace. Lalle ne su san waɗannan:

1. Da jin tsawa, a nufi gida ko wani gini mafi kusa, ko da ruwa bai sauko ba.
2. Kada a fake gindin dogon itace mai tsaye shi kaɗai a fili, kamar kuka ko gawo, gama nan aradu ta fi faɗawa.
3. A fita daga rafi da kududdufi, a ajiye fartanya da sauran ƙarfe, a nisanci wayar lantarki da ta faɗi.
4. Kada a ƙetare ruwa mai gudu. Ko bai kai gwiwa ba yana iya ka da babba, balle yaro.
5. Kada a koma waje sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Wajibi ne kuma uba ya faɗa wa ɗansa a fili cewa ba za a doke shi ba in ya bar akuya ya gudo. Akwai yaran da tsoron bulala ke tsai da su cikin ruwa.

Shirin gida

Kafin damina, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan ba da hasashen ruwan shekara, ana kuma jinsa a rediyo. Sai maigida ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya ƙara wa kwano ƙusa, a yashe magudanar ruwa. A sa yara cikin aikin. Wannan a ba shi tsaron tocila, waccan ta san inda aka ajiye takardun gida cikin leda, babba ya san ƙanen da zai riƙe wa hannu. A zaɓi wuri guda a kan tudu, kamar makaranta ko gidan ɗan'uwa, a taka da yara zuwa can da rana don su san hanya ko cikin duhu. Kada a kwantar da su jikin katangar ƙasa wadda ta sha ruwa ko ta tsage.

In tsawa ta faɗa wa mutum, babu sauran wuta a jikinsa. Kada a tsaya neman nono a yayyafa masa. A ɗauke shi nan da nan, a duba numfashinsa, a gaggauta kai shi asibiti. In ambaliya ta yi ɓarna, a sanar da mai unguwa da dagaci, su kai maganar ga Ƙaramar Hukumar Jibiya da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Katsina.

Bayan hadari ya wuce, a bar yaro ya faɗi abin da ya ji, a yaba masa kan abin da ya yi daidai. Malamai kuma, na boko da na allo, su maimaita ka'idodin nan a farkon ko wace damina. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka.