Karen Maharbi a Idon Kyamara

A lungunan Zaitawa, cikin birnin Kano, akuya da tinkiya suke da fili. Kare kuwa sai a bayan gida, ɗaure da sarƙa, kuma galibi na ɗan farauta ne ko na gadi. Bahaushe bai cika yi masa kirarin arziki ba. In an tashi misalin kwaɗayi, sai a ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. In zargi ne, sai a ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.

Amma karɓi wayar saurayi ɗan farauta ka duba. Za ka tarar da hoton karensa ya fi na abokansa yawa: ga shi yana kwikwiyo, ga shi da laya a wuya, ga shi a bayan mota da rani za a fita daji. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63, ta haifi 'ya'ya idonsu a rufe, sai bayan kusan mako biyu su buɗe. Tun daga nan mai kwikwiyon yake jiƙa masa ƙanzo, yana cire masa kaska, har ya san muryarsa a cikin dubu. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai an yi wahalar rainonsa.

Wanda ya iya ɗaukar hoton kare yakan tsuguna daidai da idonsa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, domin kare da haki yake rage zafin jiki, da tsakar rana harshe kawai za ka samu a waje. Fito ɗaya daga ubangidansa, sai kunnuwa su miƙe, wutsiya ta kama kaɗawa. Da dare kuma fitilar waya takan sa idonsa ya yi ƙyalli, saboda wani shimfiɗi da ke can cikin idon yana mayar da haske, shi ne ke taimaka masa gani a duhu.

Addini ya halatta kare don farauta da kiwo da gadin gona. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo, kuma hadisi ya zo da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Saboda haka jifan kare da yara ke yi a lungu zalunci ne, wajibi ne manya su hana.

Mai kare kuma kada ƙaunarsa ta tsaya a hoto. Ya ba shi ruwa da inuwa, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin ciwon hauka duk shekara, domin dabbar da ke shiga ƙaya saboda shi ta cancanci wannan, maƙwabta ma haƙƙinsu ne.